Alhaji Mai Katako Da Abokan Kasuwancinsa

Alhaji ya ɗaga wani falanki a rumfarsa ta kasuwar Katako, a Jos, sai ya ruguje masa a hannu kamar garin kwaki.

Alhaji: Gara, Allah Ya isa tsakanina da ke!

Dakta (digirin bai fito ba tukuna, sunan ne ya riga shi isowa): Haba Alhaji, a daina zagin manoma.

Alhaji: Wane manomi? Ɓarauniya dai. Ina fartanyarta?

Dakta: Gonarta tana cikin suri, ranka ya daɗe. Wannan irin garar ba ta iya narkar da itace ita kaɗai. Sai ta tauna katakonka, ta kasayar da shi a ɗakunan suri, ta shuka naman kaza, wato laimar kwaɗi, a kai. Shi ne zai ruɓar da itacen ya yi laushi, sannan ta dawo ta ci. Ita ta samu tuwo, shi ya samu gida. Tamitomaisis ake ce masa.

Alhaji: Tami wa? Ɗan wane gari ne?

Dakta ya gyara tabarau, wanda kowa a layin ya san ba na magani ba ne.

Dakta: Nan Afirka suka fara, kusan shekara miliyan 30 ke nan. Ɗan Adam kuwa bai wuce shekara dubu 12 da fara noma ba.

Alhaji: Shekara miliyan 30! To ta taɓa samun takin gwamnati?

Dakta: A'a.

Alhaji: Yawwa, yanzu na yarda manomiya ce.

Dakta: Har ciyawa take cirewa, duk wani baƙon naman kaza da ya tsiro sai ta binne shi da ƙasa. Kuma ɗumin gonar yana nan wajen digiri 30, ko da sanyin Jos ya hana ka wanka.

Alhaji: Ba janareto? Ba mai kawo mata bil?

Dakta: Babu. Da damina kuma naman kazan ya ɓullo a jikin suri, mata su tsinko a yi miya. A Zambiya akwai wanda faɗinsa ya kusa mita ɗaya.

Alhaji ya yi tsit. Duk wanda ya san shi ya san lissafi ya fara.

Alhaji: Tsaya. Katakon wa aka yi takin da shi?

Dakta: Naka, amma ai...

Alhaji: Ashe ni ne mai jari! Yaro, kawo littafin bashi. Rubuta: Hajiya Gara, falanki tara.

Dakta: Alhaji, sarauniyarsu fa ƙwai dubbai take sakawa kullum. Wa za ka kama?

Alhaji: Kowanne ya ƙyanƙyashe ya gaji bashin uwarsa. Kai kuma tunda ka san gidansu, kai ne shaida. Sa hannu nan, Dakta.

Dakta: Ni fa bayani kawai na yi.

Alhaji: Yaro, ƙara da kuɗin shayin da ya sha yana bayanin.