Yaran da suka kare dawakin jeji da fensir

A 1950, wata sakatariya a jihar Nevada ta Amurka, Velma Johnston, tana kan hanyar zuwa aiki sai ta ga jini na ɗiga daga wata babbar mota. Dawakin jeji ne aka cunkusa a ciki, an nufi mahauta da su. A wancan zamani da jirage da motoci ake kora su har su galabaita, a kama, naman ya koma abincin karnuka. Matar nan ta sha alwashin sai ta ga bayan wannan ta'asa. A 1959 aka hana farautarsu da jirgi ko mota a filayen gwamnati, amma kisan bai tsaya ba.

Abin da ya ƙara wa gwagwarmayar ƙarfi shi ne yara. A 1966 marubuciya Marguerite Henry ta fitar da labarin Velma a littafin yara. 'Yan makaranta suka ɗauki fensir, suka yi wa 'yan majalisa ruwan wasiƙu. A watan Disamba na 1971 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta bai wa dawakin da jakunan jeji kariya.

Nan nake saɓa wa iyayen da ke ganin littafin hikaya ɓata lokaci ne, wai yaro ya riƙe na jarrabawa kawai. Yaron da zuciyarsa ta maƙale wa wata goɗiya ba ya jiran a ce masa ya buɗe littafi, don ya ƙagu ya ji ko za ta tsira. A haka bakinsa ke faɗawa da karatu bai ma sani ba. Kuma wanda ya zubar wa doki hawaye a takarda, da wuya ya ga ana zaluntar na gaske ya kau da kai.

Ita dai Henry tun a 1947 ta rubuta Misty of Chincoteague, kan ƙananan dawakin tsibirin Assateague. Har gobe a ƙarshen watan Yuli dubban mutane na tururuwa zuwa jihar Virginia su ga dawakin sun ninƙaya sun haye mashigin ruwa, kafin 'yan kwana-kwanan garin Chincoteague su yi gwanjon wasu dukusan.

Akwai ƙorafi, kuma na yarda da shi. Tausayi ba ya shuka ciyawa. Yau dawakin jeji sun hayayyafa a yammacin Amurka, masu kiwon shanu na kukan makiyaya, gwamnati na ciyar da dubbai a killace. Sai dai ana wannan muhawara ne don dawakin suna raye.

Ni abin da ke ci mini rai, yaranmu na Kano da Katsina da Zazzau suna cika titi ranar hawan Sallah, sun san kowane ingarma da adonsa. Sha'awar tana nan a shirye. Marubutanmu na Hausa ya kamata su ba su labarin dukushi da ɗan mai kula da barga, a ƙaramin littafi mai hotuna da uba zai iya saya.