Gasasshiyar Masara Da Jar Hula

Da zarar an kaɗa gangar siyasa, ɗan takarar da ya shekara huɗu ba a ganinsa sai ta baƙin gilashin mota zai tsaya wurin mai gasa masara, ko ya raɓa kan bencin mai shayi, mai ɗaukar hoto na biye da shi. Kafin magariba hoton ya cika Facebook, da dare sojojin baka su hau rediyo suna cewa "namu ne, ba shi da girman kai".

Dabarar tana ci. Goodluck Jonathan ya nemi ƙuri'ar 2011 da labarin yaron da ya je makaranta ba takalmi. Ranar 1 ga Janairun 2012 ya cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, marasa takalmin suka fito zanga-zanga.

Amma batun marigayi Muhammadu Buhari ya fi ba ni tunani, domin sauƙin rayuwarsa ba na ranar kamfe ba ne. Haka aka san shi, da shanunsa a Daura, har ya ce da bashin banki ya sayi fom ɗin takara na naira miliyan 27.5 a 2014. Talakan Arewa ya kira shi Mai Gaskiya, ya kwana a rumfar zaɓe yana gadin ƙuri'a. To, wannan sauƙin kan bai hana a kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara ba a Disambar 2020, alhali shi yana Daura. Bai kuma hana mutane kwana a layin banki ba lokacin canjin kuɗi a farkon 2023. Ke nan ko an tabbatar halin mutum na gaske ne, da sauran tambaya: ya iya riƙon jama'a?

A Kano kowa magajin Malam Aminu Kano ne. Kwankwasiyya ta ce a wurinsa ta samo jar hula, kuma Ganduje ma ya sa ta shekara da shekaru kafin su raba gari ya ajiye. Hula dai ba ta da tsada a Kurmi. Abin da ake mantawa shi ne, tsoffinmu ba don ƙaramin gidansa na Gwammaja kawai suka bi Malam ba. 'Yan jam'iyyarsa ta NEPU sun sha ɗauri da bulala a hannun En'e, kuma da PRP, jam'iyyar da ya jagoranta daga baya, ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Manomin da dagaci ya saba shanyawa a rana kan kuɗin haraji, shi ya san bambancin a jikinsa.

Irin wannan nake so masu shirye-shiryen siyasa a gidajen rediyo su riƙa tambaya. Idan soja ya gama kirarin ubangidansa, a ce ya faɗi nauyi ɗaya tak da gwanin nasa ya sauke wa talaka, da shekarar da aka yi, da garin da za a je a gani.