Masu hawan dutse a Sikotilan, da mu da muka daina shiga daji

Mutanen Sikotilan suna da wata ɗabi'a da in na ba 'yan gida labarinta sai su yi ta dariya. Mutum ya yi kwana biyar yana aiki, ranar Asabar da asussuba ya saɓi jaka, ya tuƙa mota daga Gilasgo zuwa arewa, ya kama hawan dutse cikin ruwan sama da iska mai yanka kunne. Ya kai ƙololuwa, sau da yawa hazo ma ba zai bari ya ga komai ba. Ya ci burodinsa mai sanyi ya sauko. Ba wanda ya aike shi, ba abin da ya samo. Ranar Litinin ka gan shi a ofis yana ɗingishi, baki har kunne.

Abin har da lissafi. A 1891 wani mai suna Hugh Munro ya jera duwatsun ƙasar da tsayinsu ya kai ƙafa 3,000. Yau guda 282 ne a jerin, babbansu Ben Nevis mai mita 1,345, kuma akwai waɗanda suka ci alwashin sai sun taka kan kowanne, ko da abin zai ci musu shekara talatin.

Amsar da na fi ji daga gida ita ce, "Ƙoshi ne ke damunsu." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin wanda ya wuni yana noma a rana ba ya neman ƙarin gajiya. Amma ban yarda da abin da ake cusawa a ƙarƙashin maganar ba, wai Bahaushe ba mutumin kasada ba ne. Su waye fataken da suka riƙa kora jakuna daga Kano har Salaga a ƙasar Gwanja, wata da watanni a hanya, don ɗauko goro? Su waye suka tafi Makka a ƙafa ta Chadi da Sudan, wasu suka yi shekaru kafin su ga Ka'aba, wasu suka zauna a hanya har suka kafa zuriya? Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu a Sudan yana nan, mutanen da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. Har gobe ayarin raƙuma na ratsa hamadar Tenere daga Agadas zuwa Bilma don gishiri. Ga 'yan farauta da karnukansu, ga 'yan ci-rani. Bambancin kawai shi ne tafiyarmu kullum tana da dalili: ciniki, ibada, karatu, abinci. Wanda ya fita ba dalili, sai a ce ya shiga yawon duniya, kuma ba yabo ba ne.

Abin da na lura da shi a nan Sikotilan, Basikote ba ya fi mu zuciya ba ne. An share masa hanya ne. Wata dokar 2003 ta ba kowa damar ratsa yawancin filayen ƙasar da kwana a tanti, muddin bai yi ɓarna ba. Akwai taswirar da ke nuna kowane rafi da kowane tudu. In ka karye a kan dutse ka kira 999, 'yan sa-kai za su bar gidajensu cikin dare su zo su ɗauko ka, ba za su karɓi ko sisi ba. Mace ita kaɗai za ta bi hanyar ƙafa ta West Highland Way, kilomita 154 daga Milngavie zuwa Fort William, abin da take tsoro bai wuce sanyi da wasu ƙananan ƙwari masu cizon tsiya ba. Haɗarin da suke fuskanta na yanayi ne, kuma mutane na mutuwa a ciki, musamman da hunturu. Amma ba mai jiransu a bayan itace da bindiga.

Mu fa? Dutsen Chappal Waddi a gandun dajin Gashaka Gumti da ke Taraba mita 2,419 ne, ya ba Ben Nevis tazarar fiye da mita 1,000, amma 'yan Arewa nawa ne suka taɓa jin sunansa? Dajin Kamuku na Birnin Gwari da dajin Rugu na Katsina, yanzu a labaran garkuwa da mutane ake jin su. Uwar da ta hana ɗanta zuwa kwana a daji ba ƙauyanci take yi ba, rediyo take saurara.

Duk da haka akwai inda laifin namu ne. Dala da Goron Dutse suna tsakiyar Kano, Kufena na gefen Zariya, ba ɗan bindigar da ya tare hanyarsu. Na san Kanawa haifaffun birni da suka zo nan suka sayi takalmin hawa mai tsada suka hau dutsen Ben Lomond, alhali ba su taɓa taka matakalar Dala ba. Matasa a Jos da Abuja sun fara haɗuwa rukuni-rukuni suna hawan duwatsun kusa da su a ƙarshen mako, kuma in ka duba hotunan, 'yan Arewa ne suka fi ƙaranci a ciki.