Miyar Ragù ta Bolonya Ba Naman Sa Zalla Ba Ce

Mutane da yawa suna ɗauka cewa ragù, miyar taliya ta birnin Bolonya a Italiya, naman sa ce kawai da tumatir, har suna lissafa ta cikin abinci marar maiƙo. Wannan fahimta kuskure ce. A tsarin girkin da aka yi wa rajista a Cibiyar Kasuwanci ta Bolonya a shekarar 1982, ana haɗa giram 300 na naman sa da giram 150 na pancetta, wato naman cikin alade da aka adana da gishiri, sannan a zuba giya da madara, tare da albasa, karas da seleri. Daga pancetta ne kaso mai yawa na kitsen miyar da gishirinta ke fitowa.

Shi naman sa kansa yana da amfani, domin giram 100 na dafaffensa yana ɗauke da furotin kimanin giram 26, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da bitamin B12. Ya wajaba Musulmin da ya shiga gidan abinci a Italiya ya tambayi abin da aka zuba kafin ya ci. Mai girkawa a gida kuwa sai ya sa man zaitun a madadin pancetta, romo kuma a madadin giya.