Daga Mile 12 zuwa Kadawa: ina malamin gona a wayar manomi?

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa Kasuwar Mile 12 a nan Legas ya san cewa kafin a gama sauke mota ta farko, manomin Kadawa a Kano ko Danja a Katsina ya riga ya ji yadda tumatir ya kwana. Dillali zai ɗaga waya ya haska kwando, ya tura saƙon murya ta WhatsApp, shi ke nan. Tafiyar da mota ke kwana biyu tana yi, farashi ya yi ta kafin a ƙifta ido. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ilimin noma bai bi wannan hanya ba.

Kwanakin baya wani dillali ya miƙo mini wayarsa. Ƙanensa ne ya turo hoton ganyen tumatir mai fararen zane kamar an yi rubutu a jikinsa, yana cewa, "Yaya, don Allah a tambayo mini, gonar na neman tafiya." Dillalin ya jefa hoton a zaurensu na 'yan gwari a WhatsApp. Nan take shawara ta yi ta zuba: wannan ya ce a haɗa magani kala uku, wancan ya ce a ƙara da fiya-fiya, mai shagon magani ya saka lambarsa. Babu malamin gona ko ɗaya a zauren.

Alamar ta yi kama da ta sharon, tsutsar da ta yi wa tumatir kaca-kaca a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin Dangote na Kadawa ya tsaya don rashin kaya, mu kuma a Legas miya ta gagari talaka. Tsutsar a cikin ganye take ɓuya, feshin gayya ba ya kai mata, kuma idan aka nace wa magani ɗaya sai ta saba da shi. Malamin gona ya san a sa tarko a gane zuwanta da wuri, a riƙa sauya magani, a ƙone ko a binne ragowar shuka. Bayanin minti biyu ne. Rashin mai yin sa kuwa asarar rani guda ce, ga guba da ke biyo kaya har tukunyarmu. Kada a manta, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari.

Ilimin yana nan. Akwai shi a NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, akwai a KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta Kano, NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, kuma kan fitar da hasashen damina kowace shekara. Amma yawanci yana fitowa ne da Turanci, a takarda, a wajen taro. A ganina ba sabuwar manhaja ake buƙata ba. A tura malaman gona cikin zaurukan da manoma da dillalai suka riga suka kafa, kowa da sunansa da hukumarsa, a saya musu data, su riƙa amsawa da murya, da Hausa, don wanda bai yi boko ba ma ya amfana.

Za a ce ba kowane manomi ke da babbar waya ba, ƙauyuka da yawa ba sabis, hoto kuma ba gona ba ne. Gaskiya ne, shi ya sa ba na goyon bayan a ajiye rediyo ko a ƙwace babur ɗin malamin gona. Amma da wuya ka sami ƙauyen da babu matashi mai waya da ake kewayewa a majalisa, kuma hotuna goma daga yanki ɗaya sun isa su nuna wa malami inda zai nufa gobe.

Mu ma na Legas muna da abin bayarwa. Dillalan Mile 12 sun san irin da ke jure hanya da wanda ke isowa ruwa, sun ga bambancin kwandon gargajiya da na roba. Ƙungiyoyinsu su fara gayyatar malaman gona cikin zaurukansu tun kafin a zuba irin rani mai zuwa.