Likita ta waya ba ya auna jini

A nan Ingila, tun da korona ta shigo a 2020, ganin likita ta waya ya zama ruwan dare. Likita zai kira ka, fayil ɗinka na buɗe a gabansa a kwamfuta, ya san magungunan da kake sha da sakamakon gwajin da aka yi maka bara. Idan ya rubuta magani, takardar za ta tafi kemis ta intanet, kai dai ka je ka karɓa. Idan bai gamsu da abin da ya ji ba, sai ya ce ka zo asibiti yau. Duk abin da ya sa kiran ya yi amfani yana nan tun kafin a ɗaga waya.

Shi ya sa nake jin ba daɗi idan na ga ana murnar raba kwamfutoci a ƙananan asibitocin karkara a ƙasashenmu, ana cewa an kawo musu likita. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2023 ya ce kusan mutum biliyan 1 ne ke dogaro da asibitocin da ko dai ba su da wuta sam, ko kuma tana zuwa tana ɗaukewa. Malamin asibitin da ke karɓar haihuwa da fitilar wayarsa, da me zai yi cajin kwamfuta? Ga sabis da sai an fita tsakar gida ana ɗaga waya sama, ga kuɗin data da sau da yawa daga aljihunsa yake fita.

A ganina, abin da ya fi kama da halinmu shi ne tsarin eSanjeevani da Indiya ta fara a 2019. Marar lafiya zai je ƙaramin asibitin da ke kusa da shi, ma'aikacin lafiya ya auna masa jini da suga, ya taɓa cikinsa, sannan su kira likita a babban asibiti tare. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba, ba ta da babbar waya, ta samu mai yi mata bayani da harshenta. A watan Maris na 2020 kuma gwamnatin ta fitar da ƙa'idojin da suka fayyace irin maganin da likita zai iya rubutawa ba tare da ya ga mutum ido da ido ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin likitan da bai san wa za a kama idan an samu kuskure ba, ba zai saki jiki ya yi aikin ba.

Sai maganar wanda zai ci gaba da biya. Ruwanda ta yi suna da wani kamfani mai suna Babyl tun 2016, wanda ta hanyarsa mutane ke ganin likita da ƙaramar waya. Da uwar kamfanin, Babylon ta nan Ingila, ta durƙushe a 2023, aikin ya tsaya. Lafiyar talaka ta fi ƙarfin a rataya ta a wuyan kamfani ɗaya ko tallafin shekara uku.

Idan da za a tambaye ni, sola da ma'aunin hawan jini da magani a kanta su zo tukuna, a kuma biya ma'aikacin da ke wurin albashinsa kan lokaci, a koya masa aikin. Likita na iya gano daga nesa cewa mai ciki na dab da jijjiga, amma allurar da za ta cece ta da motar da za ta kai ta babban asibiti dole su kasance a inda take kwance.