An mai da filin tanis ɗin yaranmu gidan biki

Ranar Asabar da ta wuce na kai 'yata da ƙawayenta atisayen tanis a ɗaya daga cikin filayen wasanni na nan Yamai, inda muke biyan kuɗin wata ba fashi, sai muka tarar an kwance raga an yar da ita a gefe, an kafa rumfunan biki, ma'aikata suna buga turakun ƙarfe da guduma a cikin daɓen da yara ke wasa a kai.

Na yi wa mai gadi sallama, bai amsa ba, idonsa na kan waya. Na ce, "Malam, don Allah yau ba ranar yara ba ce?" Ya ɗago kai a hankali, ya dubi raket ɗin da ke hannun yarinyar, ya dubi takalmana da suka sha ƙura, sannan ya ce, "Alhaji, waɗanda suka kama wurin nan kuɗi suka ajiye, ba canjin goro ba." Na miƙa masa takardar biyanmu, ko hannu bai sa ba. Ya ce, "In wasan Turawa kuke so, ku gina naku a gida." Ya ja ƙofa a gaban yara, 'yata kuwa ta ɓoye raket ɗinta a baya saboda kunya, abin da har yanzu yake ci mini rai.

Shekara da shekaru haka muke sha, yau wasan mawaƙa, gobe baje koli, kuma ba a taɓa sanar da mu ba. Ba na ƙin a ba da hayar fili, amma wurin tanis bai kai mita 24 a tsawo ba, kuma rami ɗaya na turke ya isa ya karkatar da ƙwallo ko ya gurɗe ƙafar yaro. Fitilu sun mutu tun tuni, alhali a watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, sai da yamma ake iya wasa. To, kuɗin hayar ina suke shiga?

Laifin ya wuce mai gadi, na hukumomi ne da suka iya gini don buki amma ba su san gyara ba. Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci a 2005, Tahoua ta yi Sakola, bukin ranar Jamhuriya, a 2017, duk an yi fenti an yanke ƙyalle. Ga shi an wayi gari Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, ta riƙa karɓar baƙinta a Kwatano da Maroko, saboda CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, ba ta amince da filinmu ba. Lambobin Olamfik biyu kacal Nijar ta taɓa samu, na Issaka Daborg a dambe a 1972 da na Alfaga a taekwondo a 2016, kuma manyan da ke rububin ɗaukar hoto da gwani in ya dawo, su ne ke sa hannu a ba mai biki wurin da ƙananan 'yan wasa ke koyo.